Ɗinkin Rubutu a Kwamfuta: Me Ya Sa Abin da Aka Shigar Ba Shi Ke Fitowa Ba?

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin ƙa'idojin rubutun Hausa ya san misalin nan da malamai ba su gajiya da kawowa, watau bambancin da ke tsakanin "ita ce" da "itace". Baƙaƙen ɗaya ne, wasulan ɗaya ne, jerinsu ma ɗaya ne, amma ɗan filin da aka bari a tsakani shi ne ya raba mace da makamashi. Mai hankali in ya tarar an rubuta "Binta itace shugaba" zai gyara a zuciyarsa ya wuce, domin ya san ba a naɗa itace shugabanci. Kwamfuta ba ta da wannan basira. Abin da aka ba ta shi take riƙewa, yadda aka ba ta kuma haka take mayarwa.

Wannan ɗan misali shi ne ƙofar shiga wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu tsara manhaja tuwo a ƙwarya. Galibin aikin da kwamfuta ke yi a ofisoshin gwamnati da bankuna da jami'o'i karɓar bayani ne daga hannun mutane gutsure-gutsure, sa'an nan ta haɗa shi. Akawu ya buga sunan yanka a wani gurbi, sunan uba a wani, lambar fayil a wani, ita kuwa na'ura ta ɗinke su ta fitar da takardar albashi, ko takardar shaidar gama karatu, ko saƙon wayar hannu. Ɗinke guntayen rubutu biyu yana cikin darussan farko da ake koya wa mai koyon sana'ar, a ido kuma babu abin da ya kai shi sauƙi. Duk da haka a daidai wannan gaɓa ce ake samun suna ya ɓace, ko ya rabu biyu, ko ya fito da wasu alamomi da ba wanda ya rubuta su. Wanda ke shan wahalar kuwa shi ne tsohon ma'aikacin da aka ce sunansa na fayil bai dace da na banki ba, ko ɗalibar da za ta yi wata da watanni tana zarya kafin a gyara mata harafi guda.

Yadda na'ura ke ganin rubutu

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. A shekarar 1963 aka fitar da wani ma'auni a Amurka mai suna ASCII, aka kuma sabunta shi a 1967, wanda ya ba kowace alama lambarta, daga 0 zuwa 127. Babban A shi ne 65, ƙaramin a 97, filin da ake bari tsakanin kalmomi 32, alƙalamin 7 kuwa lambarsa 55. Saboda haka sunan Audu a cikin na'ura ba kome ba ne illa 65, 117, 100, 117, a jere kamar 'ya'yan carbi a zare. Irin wannan shi ne jeren haruffa, ko jere a taƙaice. Haɗa jere biyu kuwa tamkar a kwance ƙullin carbi na farko ne a zura 'ya'yan na biyu a bayansa. Ba a ƙara kome, ba a rage kome. In aka haɗa "Musa" da "Garba" abin da zai fito shi ne "MusaGarba", sai fa in mai tsara manhajar ya tuna ya sa lamba 32 a tsakani da hannunsa.

Abu na biyu da ya wajaba a riƙe shi ne, abin da ake gani a fuskar na'ura hoto ne kawai na abin da ke ciki. Akwai lambobin da ba su da hoto ko kaɗan, akwai kuma lambobi daban-daban da hotonsu ya yi kama har ido ba ya iya raba su. Kusan duk abin da zai biyo baya daga waɗannan abubuwa biyu ya tsiro.

Tarawa ko jerawa

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga shi ne na alamar tarawa. A harsunan tsara manhaja da yawa alamar + tana da aiki biyu: in ta sami adadi biyu ta tara su, in ta sami jere biyu ta ɗinke su. To, duk abin da mutum ya buga da hannunsa a jere yake isa cikin na'ura, ko da alƙaluma ne zalla. A ce akawu ya buga albashi 50000 da alawus 8000. In ba a juya su zuwa adadi ba kafin a haɗa, amsar ba za ta zama 58000 ba, za ta zama 500008000, watau ma'aikaci ya wayi gari da naira miliyan ɗari biyar da 'yan kai a takarda.

Harsunan sun sha bamban wajen yadda suke tarbar wannan. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yakan tsaya cak ya ba da sanarwar kuskure in aka nemi ya haɗa jere da adadi. Ɗalibai kan ji haushin wannan tsayawa, alhali kuwa gata ce aka yi musu. JavaScript, wanda Brendan Eich ya tsara a kamfanin Netscape a 1995, kuma shi ke tafiyar da fom-fom na shafukan intanet, ba ya tsayawa. Kintata yake yi. In aka ba shi "8" + 2 sai ya ce "82", in kuwa aka ba shi "8" - 2 sai ya ce 6, domin alamar ɗebewa aiki ɗaya gare ta. Har wa yau daga hagu yake bi zuwa dama, saboda haka 1 + 2 + "3" ya ba da "33", amma "1" + 2 + 3 ya ba da "123". Juyawar ita ma tana da nata tarko. Ɗan Nijeriya yakan rubuta dubu hamsin da waƙafi, 50,000, ɗan Nijar da ya yi karatu da Faransanci yakan bar fili, 50 000, kuma akwai umarnin juyawa a JavaScript da zai karanta har ya iso waƙafin ko filin, ya tsaya nan, ya mayar da 50 ba tare da ya ce uffan ba.

Akwai kuma akasin wannan kuskure, wanda ma ya fi yawa a ofisoshi, watau ɗaukar jere a matsayin adadi. Lambar wayar hannu a Nijeriya alƙaluma 11 ce, da sifiri take farawa. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, ita ma tana iya farawa da sifiri. Ga lissafi sifirin farko ba shi da daraja, don haka da zarar an juya lambar zuwa adadi sai ya faɗi, lambar ta gutsure. Manhajar Excel haka take yi in ba a gaya mata gurbin na rubutu ba ne, bugu da ƙari ba ta riƙe fiye da alƙaluma 15 daidai, ta yadda lambar katin banki mai alƙaluma 16 za ta rasa na ƙarshe ya koma sifiri. Ma'aunin da ke raba gardama mai sauƙi ne: duk lambar da ba za a taɓa tara ta da wata ba, suna ce da aka rubuta da alƙaluma, a jere ya kamata ta zauna.

Baƙin da ba a gani

A ce wani ya buga sunansa, Audu, ya danna maɓallin shigarwa. Wannan dannawar ita ma harafi ce, lambarta 10, ma'anarta a sauka sabon layi. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a ɗakunan bincike na Bell a farkon shekarun 1970, umarnin fgets da ake karanta layi da shi yakan kwaso har da wannan lamba 10 ya liƙa a wutsiyar sunan. In aka haɗa sunan da sauran jimla sai a ga wasiƙa ta karye a tsakiya, "Zuwa ga Malam Audu" a sama, sauran zancen a ƙasa. In aka gwada shi da Audun da ke cikin fayil sai na'ura ta ce ba su dace ba, gaskiyarta kuwa, domin ɗaya haruffa huɗu ne, ɗayan biyar. A harshen Java abin yakan zo ta wata fuska: a karanta adadi, a bar lamba 10 a baya, umarni na gaba da ke jiran suna ya tsince ta ya ɗauka an riga an amsa, sunan ya fito fayau.

Wanda ya fi wannan ban mamaki gadon tafireta ne. Tsofaffin akawuna za su tuna cewa in an kai ƙarshen layi motsi biyu ake yi, a mayar da abin da ke ɗauke da takarda farkon layi, a kuma murɗa takardar sama. Na'urorin aika telgiram sun ba kowane motsi lambarsa, 13 ta komawa farkon layi, 10 ta sauka ƙasa. Windows ya gaji duka biyun a ƙarshen kowane layi, Unix da Linux kuwa 10 kaɗai suke sawa. To, in aka rubuta jerin sunaye a Windows aka karanta shi da manhajar da ke cire 10 kaɗai, kowane suna zai taho da 13 a maƙale. A haɗa "Abdullahi" mai irin wannan wutsiya da " ya zo", a buga a fuskar na'ura. Za ta rubuta Abdullahi, ta ga 13 ta koma farkon layin, ta rubuta " ya zo" a kan haruffa shida na farko. Abin da mai kallo zai gani shi ne " ya zoahi". Da sunan Audu ne, da ya ɓace ɗungurungum. Mai neman kuskure yana iya kwana biyu yana tuhumar umarnin haɗawa, alhali a cikin na'ura kome na nan daram, hoton ne kawai ya hau kan ɗan'uwansa.

Sauran baƙin na wannan gida ba su buƙatar dogon bayani. Wayoyin hannu da yawa kan ƙara fili a bayan kalma in mutum ya zaɓi wadda suka ba shi shawara. Rubutun da aka kwafo daga shafin intanet yakan zo da wani fili na daban mai lamba 160, wanda ido ba ya raba shi da 32, wasu umarnan share fili kuma ba su gane shi.

Gurbin da aka bari ba a cike ba shi ma baƙo ne. Fom-fom da yawa an tsara su da gurbi uku na suna, alhali Hausawa da dama suna biyu gare su, nasu da na uba. JavaScript da Java in suka haɗa jere da gurbin da ba kome a ciki sukan cusa kalmar Turanci da ke nufin babu, sai a ga wasiƙa ta fito da "Musa null Garba". A rumbunan ajiye bayanai irin su PostgreSQL da MySQL kuwa, akwai hanyar haɗawa da in guntu ɗaya babu ne, to jimillar duka ta zama babu. Rashin sunan tsakiya sai ya cinye na farko da na ƙarshe.

Baƙaƙe masu ƙugiya

A nan ne matsalar ta shafi Hausa kai tsaye. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, a Nijar kuma ana rubuta ƴ inda ake rubuta 'y a Nijeriya. Ma'aunin ASCII bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, don Turancin Amurka aka yi shi. Kafin a sami mafita, masu buga Hausa sun yi dabarar tsara nau'o'in haruffa na musamman, inda aka zana ƙ da ɗ da ɓ a mazaunin wasu alamomi ko haruffan da Hausa ba ta bukata. Shi ya sa har yau ake cin karo da tsofaffin takardu da ke cewa "}asa" da "]aya", ko "qasa" da "xaya" da "varna". Hoton ne kawai aka canja, lambar tana nan yadda take, da zarar rubutun ya bar na'urar da ke da wancan zane sai asiri ya tonu.

Ma'aunin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba kowane harafi na duniya lambarsa. Lambar ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ 599, ta ƴ 436. Amma ƙwayar ajiya guda a cikin na'ura, wadda ake kira bait, daga 0 zuwa 255 kawai take iya ɗauka. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar UTF-8, wadda ita ce ta mamaye intanet, inda haruffan ASCII ke cin bait ɗaiɗai, irin su ƙ da ɗ kuwa bibbiyu. Harafin ɗ yakan zauna a matsayin 201 da 151, ƙ kuwa 198 da 153. To, in manhajar da ta karɓi rubutun ta ɗauka da tsohon ma'aunin Windows na Yammacin Turai aka rubuta shi, sai ta karanta kowane bait shi kaɗai. A wancan ma'auni 201 shi ne É, 151 kuwa doguwar sanda. Haɗeja ta koma "HaÉ—eja", ƙasa ta koma "Æ™asa". Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa ganin wannan ɓarna, ga dalilinta ke nan. Alamar da ke nuna a wajen haɗi aka sami matsala ita ce a ga rabin jimla lafiya lau, rabi a dagule, watau guntun da mai tsara manhaja ya rubuta da wanda aka shigar ba da ma'auni ɗaya suka zo ba. Saboda irin wannan ne Python na uku, wanda ya fito a 2008, ya ƙi yarda a haɗa ɗanyen bait da jeren haruffa sai an faɗi ma'aunin da za a karanta shi da shi.

Ƙidaya ita ma takan rikice. Ɗanladi haruffa bakwai ne, amma bait takwas. In an ware wa suna gurbi ƙayyadadde, aka haɗa sunaye suka zarce, aka datse da ƙidayar bait, wuƙar tana iya faɗawa a tsakiyar ɗ ta bar rabin harafi, wanda zai fito kamar alamar tambaya a cikin baƙin lu'ulu'u. Ma'aikatan da ke aika saƙon waya ga jama'a kuma ya kamata su san wani abu da ke taɓa aljihun ofis. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160 muddin dukkansu suna cikin ƙaramin jerin haruffan da aka tsara wa wayoyin GSM. Da zarar harafi ɗaya tak ya fita daga wannan jeri, saƙon duka yakan koma wani ma'auni mai ɗaukar 70 kacal, in an rarraba shi kuma 67 kowane kashi. Saboda haka sanarwa mai haruffa 150 za ta tafi wa Audu a saƙo ɗaya, ta tafi wa Ɗanladi a uku.

Alhamza, da ƙofar da take buɗewa

Babu alamar da ta kai alhamza jawo rigima. A rubutun Hausa harafi ce cikakkiya, ita ce a Sa'idu da Rabi'u da Mas'udu da Asma'u. A cikin na'ura kuwa tana da fuska aƙalla uku: miƙaƙƙiya mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8217 wadda Microsoft Word ke sauyawa da kansa, wayoyin iPhone ma haka tun 2017, sai kuma mai lamba 700 wadda Unicode ya tanada don harsunan da ke ɗaukarta harafi. Mutum ɗaya yana iya cike fom a waya yau, gobe akawu ya buga sunansa a ofis, na'ura ta lissafa su Sa'idu biyu da ba su san juna ba.

Wannan ƙarami ne a kan abin da ke tafe. Ana yi wa rumbun bayanai magana da wani harshe mai suna SQL, wanda aka ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarun 1970, a cikinsa kuma lamba 39 ita ce alamar buɗe zance da rufe shi. Mai tsara manhaja mai gaggawa yakan rubuta rabin umarni, ya ɗinka masa abin da aka shigar, ya rufe. In aka Hausantar da umarnin zai zama kamar haka: nemo ma'aikacin da sunansa 'Audu'. Wannan ya tafi daidai. Amma in Sa'idu ne ya zo, umarnin ya zama: nemo ma'aikacin da sunansa 'Sa'idu'. Rumbun zai karanta 'Sa', ya ɗauka zance ya rufe, ya ci karo da ragowar idu' wadda ba ta cikin nahawunsa, ya watsar da umarnin duka. Mutanen Ailan masu sunaye irin O'Brien sun daɗe suna kuka da wannan.

Maganin da rago kan kawo shi ne ya hana shigar da alhamza, ko ya sa na'ura ta share ta a ɓoye. Wannan ɓarna ce a kan ɓarna. Da farko an canja wa mutum suna ba da izninsa ba, an kuma sa takardunsa sun saɓa wa juna. Sa'an nan a Hausa share alhamza share ma'ana ne. A fom ɗin fansho, a gurbin dangantakar magada, in aka rubuta "'ya'ya" na'ura ta mayar da shi "yaya", to an ɗauke hakki daga zuriyar mutum an miƙa wa wansa ko yayarsa. Daɗin daɗawa kuma ainihin cutar tana nan ba a taɓa ta ba.

Ainihin cutar ita ce an bar abin da baƙo ya rubuta ya gauraya da umarnin mai gida. In alhamzar Sa'idu tana iya rufe zance bisa tsautsayi, to ɓarawo yana iya rufe shi da gangan, ya ci gaba da rubuta nasa umarni a gurbin suna: ya ƙara sharaɗin da kullum gaskiya ne, kamar 1=1, rumbun ya zazzage masa sunayen kowa da kowa, ko ya ba da umarnin a share fayil ɗungum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jeff Forristal ya bayyana wannan dabara a mujallar Phrack a watan Disamba 1998, amma sanin ta bai hana a ci gaba da faɗawa ba. A watan Oktoba 2015 aka bi ta wannan kafa aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, hukumar kare bayanai ta ƙasar kuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000 a 2016. Magani sahihi sananne ne, kuma ba shi da tsada. Kada a ɗinka kome. A aika wa rumbun umarni da gurbi a buɗe, a aika masa sunan daban, shi zai zuba shi a gurbin a matsayin bayani tsantsa, ko alhamza nawa ke ciki. Da wannan Sa'idu ya tsira da sunansa, ƙofar ɓarawo kuma ta rufe, duka da gyara guda.

Harshen C yana da irin tasa tsagar. A can mai tsara manhaja ne ke ware wa jere mazauni, umarnin haɗawa na strcat kuwa ba ya duba ko mazaunin zai isa. In an ware bait 20 aka zuba 30, goman nan za su malala su hau kan abin da ke maƙwabtaka, sakamakon kuma yana iya ɓulla a wani wuri can da ba wanda zai zarga. Ɗan'uwansa gets, mai karɓar rubutu ba iyaka, yana cikin kafofin da tsutsar nan ta Robert Morris ta bi ta durƙusar da dubban na'urori a Amurka a ranar 2 ga Nuwamba 1988. Sai a 2011 aka cire shi daga ma'aunin harshen.

Inda nahawu ya shigo

Akwai kuskuren da na'ura ba za ta taɓa kokawa da shi ba, sai mai harshe. Wanda ya saba da tsara saƙo da Turanci yakan ɗinka suna da guntun jimla ya zauna lafiya. In aka bi wannan hanya da Hausa sai a sami "Binta ya biya kuɗin makaranta", domin wakilin suna yana bin jinsi. Mahaɗi ma haka, ofishin kuɗi amma ma'aikatar kuɗi. Wani zai ce a sa na'ura ta dubi wasalin ƙarshe, in a ne ta ɗauka tamata ce. Gida da ruwa da suna za su ƙaryata shi, haka nan Musa da Isa da Garba. Abin da ya fi shi ne a rubuta cikakkiyar jimla iri biyu a zaɓa, ko kuwa a fake da hanyar da Hausa da kanta ta tanada, a ce "An karɓi kuɗin makaranta daga hannun Binta", wadda ta dace da kowa.

Ajami kuma yakan kawo ruɗanin hoto. In aka haɗa sunan da ke tafiya daga dama da lambar fayil da ke tafiya daga hagu, waƙafi da baka sukan yi tsalle su sauka inda ba a zata ba, ko da yake jerin da ke ciki daidai yake. A 2013 Unicode ya ƙara wasu alamomi marasa hoto da ake killace kowane guntu da su don hana wannan.

Yadda ake bin sawu

Ruwa ba ya tsami banza, na'ura kuma ba ta ƙirƙiro harafin da ba a ba ta ba. Kuskuren da mai koyo kan yi shi ne ya tsura wa sakamakon ƙarshe ido yana ta sauya umarnin haɗawa. Wanda ya ƙware yakan koma baya, ya dubi kowane guntu shi kaɗai tun bai gamu da ɗan'uwansa ba. Yakan fara da buga guntun a tsakanin alamomi biyu, kamar [Audu ], don fili ko karyewar layi su fito fili. Sa'an nan ya tambayi na'ura irin abin, jere ne ko adadi ko babu. Sa'an nan ya ƙirga tsawonsa ya gwada da abin da ido ya ƙirga. In Abdullahi ya ba da 10 maimakon 9, to akwai baƙo, sai a sa na'ura ta zayyano lambobin ɗaya bayan ɗaya, a ga 13 ko 10 ko 160 a zaune a ƙarshe. A Python umarnin repr yana yin rabin wannan aiki a layi guda. Wannan bincike ba ya cin minti biyar, amma abin mamaki shi ne yawan waɗanda ke tsallake shi.

In an gano baƙon, a bakin ƙofa ake tare shi, watau a wurin da ake karɓar bayani, sau ɗaya: a share filin gaba da na baya, a mayar da alhamza fuska guda, a juya abin da adadi ne zuwa adadi, a tsayar da ma'auni ɗaya tun daga fom har rumbu. In aka bar gyaran sai wajen fitarwa, to kowace takarda sai an yi mata nata, wata rana kuma za a manta da ɗaya. Ya kamata kuma ofishin da ya ba da kwangilar manhaja ya gwada ta da sunayen mutanen da za ta yi wa aiki kafin ya sa hannu ya karɓa: mai alhamza, mai ƙugiya a farko kamar Ɗanladi, mai ƙugiya a tsakiya kamar Haɗeja, mai suna biyu kacal, mai dogon suna, da lambar asusu mai farawa da sifiri. Ba sai shugaban sashe ya iya tsara manhaja ba kafin ya yi wannan gwaji, akawu ma zai iya.

Saura bayanan da suka riga suka lalace a cikin rumbu. Waɗannan iri biyu ne. Inda Haɗeja ta koma "HaÉ—eja", ba a yi asarar kome ba, domin 201 da 151 suna nan, karatunsu ne aka yi da ma'aunin da ba nasu ba, ana kuma iya juya su a dawo da ɗ a dubban layuka lokaci guda. Amma inda wata manhaja ta ci karo da harafin da ba ta sani ba ta maye gurbinsa da alamar tambaya, ko ta share alhamza, ko ta yar da sifirin farko ba a san tsawon lambar ba, to lambar asali ta tafi. "?ara" tana iya zama ƙara, tana iya zama ɗara, tana iya zama ɓara. Irin waɗannan sai an ɗauko fayil na takarda daga kabad, in kuwa babu shi, sai an aika a kira mai sunan a tambaye shi.